Mai in'ina da wasan kwaikwayo: abin da ya faru da James Earl Jones

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22, tun ina ƙarami nake sha'awar wasan kwaikwayo, amma ina da in'ina. Wani abokina ya ce mini mutumin da ya yi muryar zakin nan Mufasa, wanda kuma ya fito a sarki a fim ɗin Coming to America, shi ma mai in'ina ne. Gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya aka yi ya warke? Kuma ni da fim nake so, dole ne sai na bi ta wasan daɓe?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Sunan mutumin James Earl Jones, Ba'amurke baƙar fata. An haife shi ranar 17 ga Janairun 1931, ya rasu ranar 9 ga Satumban 2024 yana da shekara 93. Amma kafin mu yi nisa bari in gyara kalma ɗaya a tambayarka, domin a kanta komai ya rataya. Ka ce yaya aka yi ya warke. Bai warke ba. Har tsufansa, in aka tambaye shi, cewa yake shi mai in'ina ne, tana nan tare da shi, ya dai koyi yadda zai yi aiki da ita. Na daɗe ina koyar da wasan kwaikwayo da horar da murya, kuma duk ɗalibin da ya zo mini da damuwa irin taka da wannan maganar nake fara masa, don kada ya zauna jiran ranar da harshensa zai saki kafin ya hau dandamali.

A wani ƙauye mai suna Arkabutla aka haife shi, a jihar Mississippi da ke kudancin Amurka, a zamanin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da wurin shan ruwa. Mahaifinsa, Robert Earl Jones, ya bar gidan tun kafin yaron ya san shi, ya tafi neman sa'arsa a dambe, daga baya a wasan kwaikwayo. Kakanninsa na wajen uwa ne suka riƙe shi. Yana ɗan shekara biyar suka tattara suka yi ƙaura zuwa wata gona a arewacin jihar Michigan, ƙasar dusar ƙanƙara, cikin waccan babbar hijira da ta kwashe baƙaƙen fata wajen miliyan shida daga kudu zuwa arewa da yamma. A wannan tsakanin in'inar ta kama shi da ƙarfi. Yara suna yi masa dariya, shi kuma sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Kusan shekara takwas ya yi a haka. A gida yakan ɗan yi magana da 'yan uwa, a gona yakan yi hira da dabbobi, a makaranta kuwa malamai a rubuce suke gwada shi.

Shi kansa ya danganta lalurar da raɗaɗin waccan ƙaura. Masu binciken yau sun fi karkata ga cewa in'ina tana da nasaba da gado da yadda ƙwaƙwalwa ke tsara fitar magana, tsoro da kunya kuma ƙara mata nauyi suke yi. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana da ita, kuma ta fi yawa a maza. Na kawo wannan ne don ka cire wa kanka tunanin cewa laifinka ne ko rashin wayo.

Shekarun shirun nan ina so ka tsaya a kansu, domin a ganina a nan aka ƙera ɗan wasan tun kafin ya san akwai wata sana'a mai wannan suna. Yaron da ba ya magana saurare yake yi. Yana kallon yadda kakansa ke ɗaure fuska kafin ya yi faɗa, yana jin inda muryar kakarsa ke sauka in tana ba da labari da dare. Babban ciwon sababbin 'yan wasa shi ne rashin saurare. Za ka ga mutum tsaye gaban abokin wasansa, idonsa a kansa, amma hankalinsa yana can yana jiran a gama ya faɗi nasa layin. 'Yan kallo suna ganewa ko da ba su iya faɗin abin da ya ɓaci ba. Ka kalli Jones a kowane fim lokacin da wani ne ke magana, ka dubi fuskarsa kawai. Maganar tana shigarsa, tana taɓa shi, sannan amsa ta fito. Wannan abu ne da nake shan wahala kafin in dasa shi a ɗalibi mai zalaƙa, shi kuwa lalurarsa ce ta koya masa.

Wanda ya buɗe masa baki malamin Turancinsa ne a makarantar sakandare ta garin Brethren, Donald Crouch, tsohon malamin jami'a da ya yi ritaya ya koma noma, sannan ya dawo aji don son koyarwa. Crouch ya gano yaron nan mai shiru yana rubuta waƙoƙi a ɓoye. Wata rana Jones ya miƙa masa waƙar da ya rubuta ta yabon garehul, wani irin babban lemo mai ɗan ɗaci. Malamin ya karanta, ya ce waƙar ta yi kyau ƙwarai, har ma yana shakkar ko shi ya rubuta ta, kuma hanyar da zai tabbatar tasa ce ita ce ya miƙe gaban aji ya kawo ta da ka. Yaron ya miƙe jikinsa na rawa, ya fara, ya kai ƙarshe, harshensa bai sarƙe ba ko sau ɗaya. Daga ranar malamin bai sake shi ba. Ya sa shi karatun waƙoƙi a bayyane, ya tura shi muhawara da gasar iya magana, ya haɗa shi da rubuce-rubucen Shakespeare.

Wannan ba zai ba ka mamaki ba in ka tuna makarantar allo. Wa bai san yaro mai in'ina da in ya ɗauki allonsa ya shiga tilawa ba ka jin ko gargada, amma da ka tambaye shi ina ya ajiye tawadarsa sai harshe ya ƙulle? Haka abin yake ga masu waƙa. Dalilan a fili suke. Kalmomin an riga an san su, ba sai an tsaya lalube ba. Akwai kari da ke jan magana gaba kamar yadda kiɗa ke jan ƙafa. Wuraren numfashi a ƙayyade suke. Sannan akwai wani sauƙi da mutum ke ji in maganar da ke fita daga bakinsa ta wani ce, ba a kansa za a yi hukunci ba. Wasan kwaikwayo ya tara duk waɗannan, shi ya sa masu in'ina suke da yawa a cikinsa fiye da yadda mutane ke zato. Kuma kai da ka san addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, a cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Ubangiji ya warware masa ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, ka san nauyin harshe bai taɓa zama abin da ke rage darajar mutum ba.

Bayan sakandare ya shiga Jami'ar Michigan da niyyar zama likita, karatun bai karɓe shi ba, ya koma sashen wasan kwaikwayo. Ya yi aikin soja, ya zama hafsa, ana shirin tura su Koriya yaƙin ya tsaya a 1953, sai aka kai shi duwatsun Colorado wurin horon yaƙi a cikin sanyi. Ya karɓi digirinsa a 1955. A shekarun nan yakan yi aiki a wani gidan wasa da ke garin Manistee, inda ya fara da kafinta mai haɗa katakon dandamali kafin a fara ba shi matsayi.

Daga nan sai New York, inda ya haɗu da mahaifin da bai rene shi ba. A lokacin uban yana cikin 'yan wasan da aka rufe wa ƙofar aiki saboda zargin ra'ayin gurguzu. Uba da ɗa suka riƙa goge daɓen gidajen wasa suna samun na abinci, ɗan yana karatun wasa a American Theatre Wing. A 1958 ya samu wani ƙaramin matsayi na yaron gida a wasan Sunrise at Campobello, a gidan wasa na Cort da ke Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo na Amurka. Layukansa ba su taka kara sun karya ba. Wani dare ya buɗe baki zai kira sunan uwargidan, harafin farko ya maƙale masa a leɓe gaban jama'a. 'Yar wasan da ke gabansa ba ta karɓe masa layin ba, ta tsaya ta jira shi har kalmar ta fito, wasa ya ci gaba. Ya sha ba da wannan labari. Ni abin da nake ɗauka a ciki shi ne abin da kake tsoro ya same shi, a wuri mafi girma, kuma washegari ya dawo aiki.

Shekara goma da suka biyo baya su ne mutane ba sa ambata, kuma su ne amsar kashi na biyu na tambayarka. Ya yi su ne a ƙananan gidajen wasa da kuma dandamalin da Joseph Papp ya kafa, inda ake nuna wasannin Shakespeare kyauta a filin shaƙatawa na Central Park. A 1961 yana cikin waɗanda suka buɗe wasan The Blacks na marubucin Faransa Jean Genet, tare da Cicely Tyson da Maya Angelou da Louis Gossett Jr., wasan da aka nuna sau 1,408. A 1964 ya fito a Othello, ya kuma fito a wasan marubucin Afirka ta Kudu Athol Fugard mai suna The Blood Knot, kan 'yan'uwa biyu uwa ɗaya, ɗaya baƙi ɗaya mai hasken da zai iya sajewa da Turawa. Hatta fim ɗinsa na farko daga dandamali ya zo. Darakta Stanley Kubrick ya je kallon George C. Scott a wani wasan Shakespeare a Central Park, ya ga Jones a ciki, ya ɗauke su duka biyun zuwa Dr. Strangelove na 1964. Bayan shekara uku aikin fim ya kawo shi maƙwabtanmu, Dahomey, Jamhuriyar Benin ta yau, inda aka ɗauki The Comedians, ya fito a likita.

Me daɓe yake yi wa mutum wanda kyamara ba ta yi? A Broadway sau takwas ake yin wasa a mako. Babu darakta mai cewa a tsaya a sake. In ka shiga, awa biyu ko uku kana ɗauke da mutum ɗaya daga farkon labarinsa zuwa ƙarshe, kana jin numfashin 'yan kallo, kana sanin daidai inda suka fara gajiya da kai. Muryarka dole ta kai kujerar ƙarshe a ɗaki mai cin mutum dubu, kuma ihu ba ya kai ta, ihu maƙogwaro yake ci, kafin Laraba ka dishe. Abin da ke kai ta shi ne iskar da aka ajiye a ƙasan haƙarƙari ake sakinta kaɗan-kaɗan, da kuma fitar da ƙarshen kowace kalma sarai. Kaurin muryar Jones halitta ce, mahaifinsa ma haka tasa take. Masu kaurin murya kuwa suna da yawa a tasha da kasuwa. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda yake ɗora kowace kalma kamar mai jera ƙwai a kwando, yana sanin inda zai tsaya da inda zai ja numfashi tun kafin ya iso wurin. Mai in'ina ba ya iya watsar da kalma yadda sauran mutane ke yi, dole ya hango ta tun daga nesa ya shirya mata. Wannan shirin ne duniya ta ji ta kira shi kwarjini.

Sunansa ya fito ne yana da shekara 37, da wasan The Great White Hope na Howard Sackler, wanda aka fara a Arena Stage ta birnin Washington a 1967, aka kai shi Broadway a 1968. An gina labarin a kan rayuwar Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya ajin masu nauyi a 1908, wanda hukumomi suka yi ta farauta saboda ya kayar da farare kuma yana tare da mace farar fata, har kotu ta same shi da laifi a 1913 ya gudu ya bar ƙasar. Jones ya aske kansa ƙwal, ya yi horon dambe, ya hau dandamali da dariya mai cika ɗaki da fushi mai firgitarwa. Ka tuna kuma lokacin. A 1967 aka ƙwace kambun Muhammad Ali don ya ƙi shiga soja a yaƙin Vietnam. Ali ya zo ya kalli wasan, ya ce labarinsa ne, a cire batun mace a sa batun addini kawai. Jones ya ci lambar Tony, wadda ita ce babbar lambar wasan daɓe a Amurka, a 1969. Da aka mayar da wasan fim a 1970 aka tsayar da shi takarar Oscar ta gwarzon jarumi, shi ne baƙar fata na biyu da ya kai nan bayan Sidney Poitier. Wanda ya ci a shekarar shi ne George C. Scott ɗin nan, kuma ya ƙi karɓa.

In ka samu fim ɗin ka kalla da idon mai koyo. A nawa ganin akwai wuraren da girman wasansa ya fi ƙarfin kyamara, domin yana yi ne kamar mai son mutumin da ke bene na sama ya gani, alhali gilashin kyamara yana dab da hancinsa. Ka gwada shi da Claudine na 1974, inda ya fito a mai kwashe shara da ke neman wata mace mai 'ya'ya shida a unguwar Harlem. A nan ya sauke komai ƙasa, ido da murmushi suke aikin. Mutumin daɓe in ya zo gaban kyamara ragewa yake koya, kuma ragewa tana da sauƙi ga wanda yake da abin ragewa. Wanda ya tashi a gaban kyamara kawai, in aka ɗora shi a dandamali, sau da yawa sai ka ga babu abin da zai ƙara.

Yanzu ga abin da ya fi shahara da shi. A fim ɗin Star Wars na 1977, wanda ke cikin baƙaƙen kayan Darth Vader wani ƙaton Bature ne ɗan Ingila, David Prowse. George Lucas ya ga muryarsa ba ta dace ba, ya kira Jones ya ɗora tasa. Aikin 'yan sa'o'i ne, aka biya shi dala 7,000. Shi da kansa ya nemi kada a sa sunansa, don yana ganin wasan na wanda ya sa kayan ne, sai a fim na uku a 1983 sunan ya fito. Muryar Mufasa a fim ɗin The Lion King ta zo a 1994, sarkin Zamunda na Coming to America a 1988, kuma 'yar wasa ɗaya ce, Madge Sinclair, ta yi sarauniyarsa a duka biyun. Muryarsa ce kuma ta daɗe tana sanar da sunan tashar CNN. Ba na raina waɗannan ayyuka, su suka kai shi gidajenmu, su suka sa ka yi wannan tambaya. Amma yana yi mini ciwo in ji an taƙaita mutumin da ya yi Othello da Sarki Lear da murya kawai, kamar wanda aka tsinto a hanya aka miƙa masa makirufo.

In kana son ganin iyakar abin da ya iya, Fences za ka nema. Wasan August Wilson ne, Lloyd Richards ya ba da umarni, aka fara shi a Yale a 1985, ya isa Broadway a 1987 aka nuna shi sau 525. Jones ya fito a Troy Maxson, magidanci ɗan shekara 53 a birnin Pittsburgh na 1957, mai kwashe shara, wanda a ƙuruciyarsa gwani ne a wasan ƙwallon gora na Amurka, wato baseball, amma wariyar launin fata ta hana shi shiga manyan ƙungiyoyi, kafin ƙofa ta buɗe shekaru sun tafi. Yanzu ɗansa ya samu damar zuwa jami'a ta hanyar wasanni, uban ya tare hanya. Yana kare yaron ne daga abin da ya same shi, ko hassada ce? Wilson bai raba maka gardama ba, Jones ma bai raba ba. Akwai wurin da yaron ya tambayi uban me ya sa bai taɓa ƙaunarsa ba, uban ya juyo ya shiga lissafa masa ci da sha da sutura da rufin ɗaki, yana nuna masa cewa haƙƙi ne a wuyansa yake saukewa, batun ƙauna bai taso ba. Duk wanda ya tashi a gidan uban da ba ya faɗin so da baki zai gane wannan mutumin. Ka tuna kuma wanda ke faɗin maganar bai tashi gaban nasa uban ba, kuma a lokacin yana da ɗa ƙarami a gida. Da wannan wasa ya ci Tony ta biyu. Denzel Washington ya ɗauki matsayin a 2010, ya mayar da shi fim a 2016, ya kuma yi ƙoƙari sosai, amma Troy ɗin Jones ya fi ba ni tsoro, ya kuma fi ba ni tausayi.

Kada ka ɗauka hanyar duk shimfiɗaɗɗiya ce. A 1978 ya yi wasa kan rayuwar mawaƙi kuma ɗan gwagwarmaya Paul Robeson, ɗan marigayin da wasu fitattun baƙaƙen fata suka fito suka soki wasan cewa ya rage wa Robeson kaifi, har aka yi zanga-zanga a ƙofar gidan wasa. Ya kuma fito a finafinai da dama da ba su kai darajarsa ba. Bai ɓoye ba, yakan kira kansa ɗan sana'a mai bin aiki inda ya samu. Ni wannan halin nasa yana burge ni fiye da lambobin. Ya yi wasannin talabijin na rana, ya karanta wa yara haruffa a shirin Sesame Street a 1969, ya ci lambar Emmy ta wasan talabijin guda biyu a dare ɗaya a 1991, ya je Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariya ya fito a limamin coci mai neman ɗansa a Cry, the Beloved Country na 1995. Matansa biyu duk a kan Othello ya yi wasa da su, kowace ta fito a Desdemona, matar Othello. Ta biyun, Cecilia Hart, sun yi aure a 1982 suka zauna har rasuwarta a 2016.

Abin da ya fi nuna inda zuciyarsa take shi ne tsufansa. Mutumin da ya tara abin da zai zauna ya huta, ga ciwon sukari, sai ya koma wa wasa takwas a mako. Ya dawo Broadway a 2005, ya sake dawowa a 2008, a 2010 ya yi Driving Miss Daisy tare da Vanessa Redgrave. Da aka ba shi Oscar ta girmamawa a 2011 bai je Los Angeles ba, domin yana tsakiyar wannan wasan a Landan. A kan dandamalin gidan wasa na Wyndham's, bayan an tashi daga wasa, Ben Kingsley ya miƙa masa ita gaban 'yan kallo. Yana da shekara 84 ya sake haɗuwa da Cicely Tyson a The Gin Game a 2015, shekara 54 bayan The Blacks. A Satumban 2022 aka sauya wa gidan wasa na Cort suna zuwa James Earl Jones Theatre, gidan da harshensa ya maƙale a 1958. A shekarar ce kuma aka bayyana cewa ya amince wani kamfanin Yukren, Respeecher, ya riƙa kwaikwayon muryar Vader da kwamfuta daga tsofaffin faya-fayansa. Haƙƙinsa ne, kuma da yardarsa aka yi. Ni dai na saurara, amon yana nan, amma wancan ɗan jinkirin na mutumin da ke auna kalma kafin ya sake ta ban ji shi ba.

To, dole ne sai ka bi ta daɓe? Babu dokar da ta ce haka, kuma akwai jarumai nagari da ba su taɓa hawa dandamali ba. Amma kai musamman, shawarata ka bi ta nan. A wurin ɗaukar fim lokaci kuɗi ne, sau da yawa a nan take ake miƙa maka layi ko a ce ka faɗi abin da ya zo bakinka, ga mutum ashirin suna jiranka, rana tana faɗuwa. Babu yanayin da ya fi wannan tsananta wa mai in'ina. A ƙungiyar wasan daɓe kuwa makonni ake yi ana bita, kalmomin su zauna a bakinka, ka san inda tarkonka yake tun kafin ranar wasa. Mu ma nan ta wannan hanyar abin ya taso. Manya irin su Ƙasimu Yero da Samanja sun goge ne a wasannin ƙungiya da rediyo da talabijin, kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ce, Tumbin Giwa ta Kano, ta yi Turmin Danya a 1990, wanda daga shi ake fara lissafin finafinan bidiyo na Hausa.

Ka nemi ƙungiya a makarantarku ko unguwarku, ka faɗa wa shugabanta lalurarka tun ranar farko, ka roƙi a riƙa ba ka rubutun da wuri. Kowace safiya ka ɗauki rubutacciyar waƙa, irin masu karin da kunnenka ya saba da su, ka karanta a bayyane minti goma sha biyar, a tsaye, hannu ɗaya a kan cikinka don ka ji iska tana sauka ƙasa. Ka sa alama da fensir a duk inda za ka numfasa. Harafin da ya saba kama ka kada ka yi kokawa da shi, ka shige shi a hankali da iska a gaba, leɓe a sake. In kana kusa da babban asibitin koyarwa ka tambayi sashen kunne da hanci da maƙogwaro ko suna da mai horar da magana, domin abin da nake koyarwa horon ɗan wasa ne, nasu kuwa ilimin lalurar ne, kuma biyun suna taimakon juna. Na taɓa samun ɗalibi da sunansa ma da ƙyar yake faɗa a bitar farko, muka ba shi matsayin maroƙi mai kirari, don kirari yana da kari. A wasa na uku ya nemi a ba shi mai magana zalla, muka ba shi. Ya sarƙe sau biyu a daren farko, 'yan kallo suka jira shi.

Wancan wurin na Fences da na ba ka labari an nuna shi a bikin Tony na 1987, tare da Courtney B. Vance a matsayin ɗan, kuma yana nan a YouTube, bai wuce 'yan mintuna ba. Ka kalle shi sau uku. Na farko don labarin. Na biyu ka kashe sauti ka dubi abin da jikinsa ke yi lokacin da yaron ke magana. Na uku ka rufe ido, ka riƙe fensir, ka ja layi a takarda duk lokacin da ka ji ya ja numfashi. In ka gama ka rubuto mini adadin da ka samu, da harufan da suka fi kama ka, sai in faɗa maka atisayen da za ka fara da shi. Allah ya buɗa maka.